Sirrin Gasara: Ruwan da Ke Taurarewa Idan an Doke Shi

Duk macen da ke dama koko ta san wannan abu. Idan gasara ta kwanta a gindin roba, aka tsiyaye ruwan sama, kika caka mata cokali da ƙarfi, sai ta ƙi, ta tsattsage kamar busasshiyar laka. Kika ɗebo kika riƙe shiru kuwa, sai ta saki jiki ta zuba kamar madara. Iyayenmu mata sun saba har ba sa mamaki, alhali abu ne da manyan jami'o'in duniya ke bincike a kansa.

A shekarar 1687 masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana ƙa'idar gudanar abu mai ruwa. Ruwan sha da man gyaɗa suna bin ta: komai ƙarfin da aka juya su, kaurinsu ba ya canjawa, sai dai zafi ya tsinka su ko sanyi ya ƙara musu kauri. Gasara ta yi wa wannan ƙa'ida tawaye, domin kaurinta ya danganta da ƙarfin da aka sa mata.

Kowa na iya gwadawa. A zuba garin sitacin masara kofi 2 a kwano, a ƙara ruwan sanyi kofi 1 kaɗan-kaɗan ana cuɗawa. Kada a sa ruwan zafi, don zai dafa sitacin. Yaro ya nutsa yatsa a hankali, zai shige har ƙasa. Ya kai wa haɗin naushi, hannun zai tsaya a sama, ko fantsama babu. Ya mulmula shi a tafi, zai dunƙule. Da ya daina, sai ya kwarara ta tsakanin yatsu.

Dalili shi ne ƙwayoyin sitaci, waɗanda ba su kai kaurin silin gashi ba, ba sa narkewa a ruwan sanyi. Yawo suke a ciki. Idan an motsa a hankali, ruwa na ratsa tsakaninsu, su zame wa juna. Idan an doka, sai su cakuɗe su tokare juna. Kamar fita ce daga masallacin Juma'a: da natsuwa kowa ya wuce, da turereniya ƙofa ta cushe. A 2012 Scott Waitukaitis da Heinrich Jaeger na Jami'ar Chicago sun nuna cewa wani dunƙule mai tauri ne ke tsirowa nan take a ƙarƙashin wurin da aka doka. Shi ya sa mutum kan iya ratsa kwarmin da aka cika da wannan haɗi a guje, amma da ya tsaya sai ya nutse.

Akwai masu akasin wannan hali. Fenti yana tsinkewa a ƙarƙashin buroshi, ya sake kauri a jikin bango. Jini ma kaurinsa na raguwa idan yana gudu da sauri. Masu taurarewa kuwa, masana a Jami'ar Delaware ta Amurka sun jiƙa yadin Kevlar da irinsu don ƙara wa rigar kariya ƙarfi.

Malamanmu na firamare da sakandare, rashin ɗakin gwaji bai hana wannan darasi ba. Kwano ɗaya da sitaci sun isa aji guda. Ku bar yara su taɓa da hannunsu, su tambaya, su san cewa kimiyya tana nan a madafin gidansu.