YOGA TA ASHTANGA: ABIN DA YA KAMATA MAI SON FARAWA YA SANI

A 'yan shekarun nan, tun da wayar hannu ta shiga kowane lungu, matasa a garuruwa irin su Agwada ta yankin Keffi a Jihar Nasarawa sukan ga hotunan mutane suna lanƙwasa jiki kamar ba su da ƙashi, sa'an nan sha'awar gwadawa ta kama su. Wannan wasa shi ake kira yoga, kuma Ashtanga tana cikin ire-irensa mafiya wuya. Tana da amfani ga wanda ya bi ta daki-daki, amma wanda ya faɗa mata da gaggawa yana iya samun rauni a gwiwa ko a gadon baya, raunin da zai hana shi noman daminar bana. Saboda haka ya kamata jama'a su san yadda ake farawa.

ASALINTA

Yoga daga ƙasar Indiya ta fito. A harshen Sanskirit, Ashtanga tana nufin gaɓoɓi takwas, watau matakai takwas da wani masani mai suna Patanjali ya tsara ƙarnuka da yawa da suka wuce. Motsa jiki mataki ɗaya ne kurum daga cikinsu, sarrafa numfashi kuma wani ne. Tsarin da aka sani yau kuwa, Pattabhi Jois ne ya yaɗa shi, wanda ya rayu daga 1915 zuwa 2009. Ya yi karatu wurin Krishnamacharya, kuma ya buɗe makarantarsa a birnin Maisur a 1948. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya.

YADDA TSARIN YAKE

Ashtanga ta bambanta da sauran domin motsinta a jere yake, ba a sāke shi, ba a tsallake wani a kama wani. Jerin kashi shida ne, na farko kaɗai yakan ci kamar awa ɗaya da rabi, kuma mutane da yawa sukan shekara da shekaru ba su wuce shi ba. A Maisur ba a ba sabon ɗalibi jerin gaba ɗaya. Malami yakan ba shi motsi ɗaya, sai ya ga ya zauna masa a jiki kafin ya ƙara masa wani, kamar dai yadda ba a wanke wa almajiri allo sai ya iya abin da ke rubuce. Wannan shi ne abin da mai kallon waya ba ya gani: ƙarshen aikin ake nuna masa, ba a nuna masa shekarun da aka yi ana rarrafe.

Ginshiƙin aikin numfashi ne. Baki a rufe yake, ta hanci ake shaƙa ta hanci ake fitarwa, a hankali, da ɗan sauti a maƙogwaro. Kowane motsi yana tafiya da shaƙa ko fitarwa, in an tsaya kuma a kan tsaya tsawon numfashi biyar. Duk sa'ad da mutum ya ji yana haki, ko yana riƙe numfashi, to, ya wuce iyakarsa, sai ya sassauta.

KAFIN A FARA

Lalle ne mutum ya fara zuwa a auna jininsa a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, domin hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, sai a ga likita tukuna. Haka nan mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin ido, da mai gwaiwa, da mai amosanin jini, da wanda aka yi wa tiyata ba da daɗewa ba, da mace mai juna biyu, kada ɗayansu ya fara sai da iznin likita. Mai bukatar bincike mai zurfi yana iya zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. A lura ƙwarai: yoga ba ta maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora bisa maganin hawan jini ko na ciwon sukari, kada ya daina sha don ya fara motsa jiki.

Kayan aiki ba su da yawa: daɓe mai laushi wanda ba ya santsi, tabarma ko bargo, da tufafi masu walawa masu rufe jiki. Da sassafe ya fi, kafin karin kumallo, balle a bazara da rana kan yi zafi tun da hantsi. Da hunturu jiki yakan sandare, sai a ɗan yi tafiya ya ɗumama tukuna. Mai azumi ya rage, ko ya dakata.

DARASIN FARKO

Ana farawa da jerin motsi tara:

1. A tsaya ƙafafu a haɗe, a shaƙa, a ɗaga hannuwa sama.
2. A fitar, a sunkuya, a ɗan lanƙwasa gwiwa in jijiyar cinya ta ja.
3. A shaƙa, a ɗago kai, a miƙe baya.
4. A fitar, a mai da ƙafafu baya ɗaya bayan ɗaya, a sauke jiki bisa hannuwa. Sabon shiga ya sa gwiwa ƙasa.
5. A shaƙa, a ɗago ƙirji.
6. A fitar, a tura ƙugu sama, hannuwa da ƙafafu suna ƙasa, a tsaya numfashi biyar.
7. A shaƙa, a kawo ƙafafu gaba, a ɗago kai.
8. A fitar, a sunkuya.
9. A shaƙa, a miƙe da hannuwa sama, sa'an nan a sauke su.

Sau uku ya isa a makon farko, a bi da hutawa a rigingine na minti biyar. In jiki ya saba sai a kai sau biyar. Ƙwararru kwana shida suke yi a mako, amma kwana uku sun wadaci mai koyo. Tsayuwa bisa ka, da harɗe ƙafafu bisa cinyoyi, da lanƙwasa baya mai tsanani, duk a bar su sai a gaban ƙwararren malami. Jan jijiya mai sauƙi ba laifi, amma zafi mai suka a gaɓa, ko jiri, ko ciwon ƙirji, alama ce ta a tsaya nan take.

BATUN ADDINI

Ba daidai ba ne a ɓoye wa jama'a cewa yoga ta tsiro cikin al'adun addinin Indiya. Sunan jerin nan na farko, Surya Namaskar, yana nufin gaisuwa ga rana, kuma a makarantun Ashtanga akan buɗe darasi da wani baiti na Sanskirit. Malamai sun duba al'amarin: a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yoga, a 2009 kuwa majalisar malaman Indunusiya ta hana wadda ta ƙunshi baituka da ibadar Hindu, ta ƙyale wadda take motsa jiki zalla. Musulmi ko Kirista da zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya tambayi malaminsa ko fastonsa. Wanda ya ga ya bar ta bai yi hasara ba, gama tafiya da sauri da tuƙa keke suna nan.

KAMMALAWA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Manomin da ya wuni yana huɗar doya ya riga ya cika wannan, abin da bayansa ke bukata shi ne miƙewa mai sauƙi da hutu. Malamin makaranta, da akawu, da tela, da ɗan acaɓa, da mai tsaron kanti, su ne suka fi bukata, domin zama ya yi musu yawa. Ko wanne ne cikinsu, dokar ɗaya ce: a auna jini, a fara da kaɗan, a bi numfashi, a dawwama. Sannu ba ta hana zuwa, lafiya kuwa ita ce uwar jiki.