Nowel a Gidan Mai Ɗiya Mata Uku

Idan watan Disamba ya kama, hazo ya rufe sararin Maraɗi, iskar hunturu ta fara tsaga leɓe da diddige, to, akwai wani magidanci a cikin garin nan da sarautar gidansa ke kuɓuce masa har sai an shiga sabuwar shekara. Ni ne magidancin nan. Allah ya ba ni ɗiya mata uku, kuma daga ranar da lakwal ta ba da bakansi har zuwa ranar da za a koma, aikina a gidan bai wuce biyu ba: in fid da kuɗi, in amsa tambaya.

Ta fari ba zan kama sunanta ba, kun san alkunyar Bahaushe. Tun da kuwa na ɓoye nata, sai in ɓoye na sauran, kada a ce na yi son kai. Babbar shekararta 11, tana aji na 6, ta fara jin kanta mace. Ta tsakiya shekararta 8, ita ce ma'ajin gidan, ba ta barci da bashi a kan kowa. Auta kuwa shekararta 4, ita ce alƙali, kuma hukuncinta ba a ɗaukaka ƙara.

Mu Kirista kaɗan ne a ƙasar nan. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba mu kai 1 bisa 100 ba. Amma ba baƙi ba ne mu. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, daga baya suka zauna Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da na Danja a 1956, kuma daga cikin waɗanda suka bi su tun wancan zamani har da kakana. Hukuma kuma ta sa ranar 25 ga Disamba cikin ranakun hutu na ƙasa, Musulmi da Kirista kowa ya huta. Mutanen Nijeriya suna ce da bikin Kirsimeti, mu nan bakinmu ya fi sabawa da Nowel. Mako guda kafin shi ake bikin 18 ga Disamba, ranar da aka kafa Jamhuriya a 1958, sai a ƙawata tituna da tutoci. Auta ta tabbatar wa kanta gwamnati ce ke taya ta shirin Nowel, har ta ce in na je buro in yi musu godiya.

Masifa ta farko ita ce ta tufafi. Uwargida ta yanke shawara a yi wa yaran anko, atamfa iri ɗaya, don sauƙin kuɗi. Babbar ta ce ita ta wuce sa kaya iri ɗaya da ƙananan yara. Ta tsakiya ta yarda da ankon, amma da sharaɗin a auna a gabanta, don ta lura bara an ba yayarta yadi fiye da nata. Da aka yi mata bayani cewa yayarta ta fi ta tsawo, sai ta ce to a biya ta bambancin da kuɗi. Bayan an kashe wannan wuta sai aka faɗa hannun tela. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina da sauran ɗinki a wajensa. Mutumin kirki ne, yana da kalma guda da yake tarbar kowa da ita cikin fara'a, watau gobe. Ran Litinin gobe, ran Laraba an ɗauke wuta, ran Jumma'a yaronsa ya tafi ƙauye da almakashi. Sai da na je na zauna a kan bencinsa daren 24 ga wata, tare da wasu iyaye maza uku masu irin ciwona, muna kallon ƙafarsa a kan keke kamar masu jiran haihuwa. Kitso da lalle ba na sa baki, sai dai in ji kuka daga bayan ɗaki, in an jima kuma a zo a tsaya gabana a juya kai hagu da dama, ana jiran yabo. Wanda ya yi jinkirin yabo ya ja wa kansa.

Sai kuma maganar wani tsoho mai farin gemu da jar riga, wanda yara ke gani a talabijin, wai Baba Nowel. An gaya musu yana zuwa da dare daga ƙasar ƙanƙara, barewa na jan kekensa, ya shiga gida ta bututun hayaƙi ya ajiye wa yara kado. Auta ta zagaya gidanmu kaf ba ta ga bututun hayaƙi ba, sai indararo. Ta tsaya ta dube shi da kyau, ta zo ta ce, “Baba, mutumin nan da tumbinsa ba ya wucewa ta nan. A bar masa ƙofa buɗe.” Ta tsakiya ta ce sam, wanda duk ya shigo gidan mutane da tsakar dare da buhu a kafaɗa, an san sunansa a Maraɗi. Ni dai gaskiya ba na ƙaunar tsohon nan. Ni ke yin bashi, ni ke shan ƙurar kasuwa, shi ke karɓar godiya. Amma da na buɗe baki zan faɗi gaskiya, uwargida ta harare ni, sai na mai da maganar tari.

A majami'a ma ba a bar ni na huta ba. Kowace shekara yara kan yi wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu, kamar yadda labarin yake a sura ta 2 ta Bisharar Luka. An ba babbar matsayin mala'ika, aka yi mata fukafukai da kwali. Ta tsakiya ta nemi a ba ta mai masauki, don ta ji an ce shi ke karɓar kuɗin ɗaki. Auta aka ce ta zama tunkiya, aikinta kawai ta kwanta kusa da makiyaya ta yi shiru. Ta kwanta ɗin, har mala'ika ta fara shela, sai tunkiya ta miƙe tsaye ta ɗaga hannu ta ce, “Inna, ga ni nan!” Fasto da kansa sai da ya sunkuyar da kai.

Amma duk wannan wasa ne. Babbar shari'ar bana a kan kwanon abinci aka yi ta.

Al'adarmu ce ranar Nowel a dafa shinkafa da miya da nama, a soya cincin, a rarraba wa maƙwabta, waɗanda kusan dukansu Musulmi ne. Don haka ma ba ni ke yanka ba. Kowace shekara wani malami maƙwabcinmu nake roƙo ya zo ya yanka mana da bisimilla, don kowa ya ci ba tare da shakka ba. Haka na tarar ubana yana yi. Bana na sayi zakaru 3 tun da wuri don gudun tsadar ƙarshen wata, ashe kuskure na yi, don kafin mako ya zagayo Auta ta ƙulla zumunci da jan cikinsu, tana raba masa kokonta, ta ɗaura masa tsumma a ƙafa. Ranar yanka ta rungume shi ta zauna a tsakar gida, malam na tsaye da wuƙa yana dariya. Zakaran nan yana nan da ransa, shi ke tashe ni kullum tun kafin asuba, kuma na lura ni kaɗai yake yi wa wani irin kallo.

To, kwana 3 kafin biki, da dare, muka zauna da uwargida muna lissafi. Gidajen da muka saba kai wa abinci 14 ne. Albashi bai fito ba, shinkafa ta yi tsada, mai ya yi tsada, ga tela na jira. Na ɗauki bik na fara soke sunaye, na ce bana gida 6 sun isa, Allah ya ga zuciyarmu. Ashe ta tsakiya ba barci take ba. Sai ga ta da wani tsohon kaye na lakwal, ta buɗe. Wallahi yarinyar nan ta rubuta duk gidan da ya aiko mana naman layya da Babbar Salla, har da abin da aka aiko: gidan wane cinya, gidan wane haƙarƙari, gidan wane hanta da kitse. Kun san yadda layya take a ƙasarmu, a feɗe rago a miƙe shi a kan itace biyu gicciye, a jera kewaye da wuta ya yini yana gasuwa, kashegari a yanyanka a shiga rabo. Gidanmu da ba a yanka ko ɗan akuya ba, ranar nan nama har sai mun soya mun ajiye. Ta juya shafi, ga kuma na Ƙaramar Salla, masu waina da masu tuwon shinkafa. Ta ƙirga, gida 14 cif. Ta ce, “Baba, wanne za a soke?”

Babbar kuma ta fito ta ce ita ba ta iya ratsa ƙofar gidan Hajiya da kwano a ka ta wuce, alhali jikar Hajiya ce abokiyar zamanta a aji. In haka ne, a nemi wani ɗan aike.

Na ce to, a bar sauran, amma ko gida guda a rage. Na nuna sunan Alhaji na bakin layi, na ce mutumin da ke da buhunan shinkafa jibge a kanti, me kwanonmu zai ƙara masa? Uwargida ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, “Maigida, ka manta mai shan iska?”

Ban manta ba, kunya ce ta kama ni. A watan Janairu na 2015, ranar 16 a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, tarzoma ta tashi a kan zanen ɓatanci da wata jarida ta Faransa ta buga, aka ƙona majami'u da dama, aka yi asarar rayuka. Mu da ba mu san hawa ba, ba mu san sauka ba, muka rufe ƙofa muka zauna cikin tsoro, babbar nan tana goye a bayan uwarta. Da magariba ta wuce na leƙa waje, sai na ga Alhaji ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gidana, ya zauna da carbinsa da butarsa. Na ce, “Alhaji, lafiya?” Ya ce, “Lafiya lau, Malam, iska na zo sha. Ƙofar gidanka ta fi tawa iska.” A cikin ɗarin Janairu, ya duƙunƙune cikin bargo, haƙoransa na kaɗawa! Dare biyu ya yi yana shan iskar nan, kuma daga ranar har yau bai taɓa tayar da maganar ba. Na ɗauki bik na sake rubuta sunansa a kan layin da na soke, na tashi da safe na je na ci bashi.

Tun daga daren nan nake ta tunanin wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Mu maza zumuncinmu a ƙofar gida yake tsayawa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, kowa ya kama gabansa. Gidajen unguwarmu da yawa ba a shiga, ni shekara 12 ke nan ban san launin tsakar gidan Alhaji ba. Amma yaran nan ba su da shamaki. Su ke shiga har ƙuryar ɗaki, su ke dawowa da labarin wadda ta haihu da tsohuwar da ke kwance ba lafiya, uwarsu ta ɗauki mayafi ta je barka ko dubiya. Mutane kan yi mini jaje a fakaice, wai har yanzu ba a samu namiji ba. Ni kuwa na san da a ce samari uku gare ni, da tuni sun bar kwanon a bakin zaure sun tafi ƙwallo.

Ba kowane gida ke karɓa ba, wannan ma gaskiya ce. Akwai gida guda da aka taɓa maido mana da kwano yadda aka kai shi, cikin ladabi, aka ce an gode amma ba sa cin abincin bikin. Babbar ta dawo idonta ya cika da ƙwalla. Uwarta ta zaunar da ita ta ce kowa da fahimtarsa, ba gaba ba ce, gobe in kin gamu da su ki durƙusa ki gaishe su kamar kullum. Har yau muna gaisawa da mai gidan, kuma da aka yi masa rasuwa mun je gaisuwa.

Ranar biki, bayan an taso daga sujada, aka jera kwanoni a tsakar gida. Babbar ta ɗauki biyu, ta tsakiya ɗaya da kayenta a hammata, Auta kuma ta dage sai an ba ta nata. Aka ba ta ƙaramin kwanon miya mai murfi, aka ce ta riƙe da hannu biyu. Ta ce ita ma a ka za ta ɗauka kamar yayyenta. Taku 10 ba ta yi ba, rigar da na kwana a bencin tela dominta ta sha jar miya daga wuya har gwiwa. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce ƙasar ce ba ta daidaita ba. Haka ta bi su gida 14 da tambarin miya a ƙirji, kuma ita ta fi kowa samun kyauta, don kowace tsohuwa ta gan ta sai tausayi ya kama ta.

Kwano a ƙasar Hausa ba ya dawowa wofi. Wani da dabino, wani da gyaɗa, wani da dala 10 ko dala 20 a ƙarƙashin murfi. Alhaji ya ba kowacce dala 100, ya kuma aiko a gaya mini gishirin miyar bana ya fi na bara daidai. Da yamma suka zube kuɗin a kan tabarma, ta tsakiya ta raba, ta cire wa kanta dala 5 ladan rubutu.

Ran 8 ga Janairu esansi ya ƙare mini a moto, aljihuna kuwa babu ko dala. Na kira ta tsakiya gefe, na sassauta murya, na ce ta ranta mini dala 100 zuwa ƙarshen wata. Ta dube ni tsawon lokaci. Sa'an nan ta shiga ɗaki ta ɗauko kayen, ta buɗe sabon shafi, ta rubuta sunana da kwanan wata, ta miƙo mini bik ta ce in sa hannu.