ABIN DA KE DUSHE MURYAR JITA IN AN RAGE MATA ƘARFI

Duk makaɗin jita mai aiki da lantarki ya san wannan ɓacin rai. Mawaƙi zai ɗauki baiti, shi kuma ya murɗa mamurɗin sauti daga 10 zuwa 6 don kada ya danne muryarsa. Nan take sai zaƙin tsirkiya ya ɓace, kiɗan ya koma kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Wannan matsala ɗaya ce ga mai kiɗan juju a Ikko da mai kiɗan biki a Agadas. Sau da yawa makaɗi yakan ɗora laifin a kan amfilifaya, har ya yi asarar kuɗi wajen sayen sabuwa, alhali lafiyarta lau.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, shi ke mai da rawar tsirkiya ta zama lantarki. Mamurɗin sauti kuwa shinge ne a kan hanyar wannan lantarki. Na jitar Fender Stratocaster om 250,000 ne, na Gibson Les Paul kuwa galibi om 500,000. In an buɗe shi duka, hanya ta zama fetal. In an rage, sai shingen ya shiga tsakani, ita kuma doguwar wayar da ke zuwa amfilifaya ta samu damar shanye siririyar murya ta bar mai kauri. Kowace mita ta irin wannan waya tana da kimanin fikofarad 100, saboda haka waya mai mita 6 ta fi mai mita 3 ɓarna.

To, maganin ba mai tsada ba ne. Mai gyaran rediyo zai iya liƙa 'yar ƙaramar kafasita mai fikofarad 1,000 da dalma a tsakanin ƙafar shiga da ƙafar fita ta mamurɗin. Ita ce za ta zama wa siririyar murya ɓarauniyar hanya, ta zagaye shingen. Kamfanin Fender na Amurka ya sa irin wannan a jitarsa Telecaster tun ƙarshen shekarun 1960. Sai dai kafasita ita kaɗai takan sa sauti ya yi tsini ƙwarai in an rage da yawa. Don haka masu gyara sukan haɗa ta da rasista mai kimanin om 150,000 domin a daidaita.

Akwai kuma tsarin da Gibson ya bi a shekarun 1950, wato a ɗaura wayar mamurɗin laushin murya a ƙafar fita. Wannan ba ya buƙatar sayen kome, sai dai mamurɗan biyu za su riƙa shafar juna.

Amma fa kada a yi garaje. Wasu gwanaye da gangan suke son wannan dushewa, don tana sanyaya kiɗa a bayan mawaƙi. Abin da ya kamata shi ne makaɗi ya fara gwada gajeriyar waya. In zaƙin ya dawo, ya gano inda cutar take, sannan ya nufi wurin mai dalma.