Yadda Sojojin Jiki Ke Haɗiye Kitse a Bangon Jijiya

Mai da ruwa ba sa haɗuwa. Kowa ya taɓa ganin yadda man ja ke tasowa a saman miya. Jini kuwa mafi yawansa ruwa ne, saboda haka kitsen da muka ci a nama ko man shanu ba zai iya tafiya a cikinsa haka kawai ba. Sai hanji ya ƙunshe kitsen cikin wasu 'yan ƙananan dunƙule, kowanne da rigar furotin. Masana suna kiransu kailomaikuron. Suna yawo a jini suna sauke kaya ga tsoka da ma'ajiyar kitse. Abin da ya rage ƙarami ne, amma yana ɗauke da kolestarol, kuma hanta ce ke kwashe shi.

Matsala tana farawa ne idan ragowar nan ta yi yawa, ko ta daɗe a jini. Wasu dunƙulen sukan kutsa cikin bangon jijiya su maƙale, tare da wani nau'in dunƙulen da ake kira LDL. Jiki yana ɗaukar wannan a matsayin datti, sai ya tura fararen ƙwayoyin jini. Da sun shiga bangon, sai su rikiɗa su zama makurofej, wato manyan maciya, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin halitta.

Sauran ƙwayoyin halitta suna rage ƙofofin shigar kolestarol idan sun ƙoshi. A shekarar 1979, Michael Brown da Joseph Goldstein na ƙasar Amurka, tare da abokan aikinsu, suka nuna cewa makurofej yana da wata ƙofa dabam, wadda ba ta rufuwa ko da ya cika. Haka zai yi ta ci har ya kumbura da ɗigon mai. Idan aka duba shi a madubin likita, sai a ga kamar kumfar sabulu, shi ya sa ake ce masa ƙwayar kumfa. Bai kamata a ga laifinsa ba: shara aka aike shi, sharar ce ta fi ƙarfinsa.

A hankali ƙwayoyin kumfa suna taruwa, da yawa su mutu, kitsen cikinsu ya zube a wurin. Wannan yana jawo wasu sojojin, bangon ya yi kauri, hanyar jini ta ƙuntata. Abin yakan fara tun ana samari, kuma yakan ɗauki shekaru masu yawa ba tare da jin zafi ba. Ranar da tudun ya fashe, jini zai daskare a kansa ya toshe hanya. Idan jijiyar zuciya ce, sai a sami bugun zuciya. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. Shan taba, hawan jini da ciwon suga suna raunana bangon jijiya, su sa wannan rana ta matso kusa.