Dala 75,000: Yadda Aka Gano Inda Awon Farin Ciki Ya Karkace

A shekarar 2010 wasu malamai biyu na Jami'ar Princeton da ke Amurka suka fitar da wani adadi da ya karaɗe duniya: dala 75,000. Ɗayansu shi ne Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya karɓi lambar Nobel ta tattalin arziki a 2002. Ɗayan kuma Angus Deaton, wanda shi ma ya karɓi tasa a 2015. Sun tace amsoshi sama da 450,000 da kamfanin Gallup ya tattaro daga bakin Amurkawa ta wayar tarho a 2008 da 2009. Abin da suka gano shi ne, jin daɗin da mutum ke samu a wuninsa yana hawa muddin kuɗin da ke shigowa gidansa na ƙaruwa, amma da sun kai wajen dala 75,000 a shekara sai ya tsaya cak. Daga nan ko an ninka wa mutum albashi, wuninsa ba ya ƙara armashi.

Maganar ta kwanta wa jama'a a rai, don ta zo daidai da abin da kowa ke son ji: ka nemi abin rufin asiri, sauran duk wahala ce. Jaridu suka yi ta yayata ta. A 2015 shugaban wani kamfani a birnin Seattle mai suna Gravity Payments ya sanar cewa mafi ƙarancin albashin ma'aikatansa zai koma dala 70,000, ya kuma ce wannan binciken na cikin abin da ya zaburar da shi.

Shekara goma sha ɗaya ana kan haka, sai ga wani mai bincike a Jami'ar Pennsylvania, Matthew Killingsworth, ya zo da abin da ya dagula lissafin. Shi manhajar waya ya ƙirƙira mai suna Track Your Happiness. Wayarka za ta yi ƙara a lokacin da ba ka zata ba, kana tsakiyar aiki ko kana cin abinci ko kana cikin cunkoson motoci, ta tambaye ka yadda kake ji a daidai wannan lokacin. Sai ka ja wata alama a kan layi, daga mummuna ƙwarai zuwa mai daɗi ƙwarai. Ta haka ya tara amsoshi sama da miliyan 1.7 daga ma'aikata 33,391. Da ya jera su bisa kuɗin shiga a 2021, bai ga wata iyaka ba. Jin daɗi ya wuce dala 75,000 yana hawa, ya wuce 200,000 bai tsaya ba.

To, ina gaskiyar take? Mujalla ɗaya ce ta buga binciken biyu, ƙasa ɗaya aka auna, kuma babu wanda za a ce ya yi ha'inci ko ya tambayi mutane kaɗan. Amma ɗaya ya ga rufi, ɗaya ya ga sarari. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da aka saba gani a irin wannan hali shi ne kowa ya ja daga, a yi ta musayar raddi har a gaji. Kahneman, wanda a lokacin ya doshi shekara casa'in, yana da wata ɗabi'a da ya daɗe yana kira a kai: idan ku biyu kuka saɓa, ku zauna ku yi aikin tare, ku sa na uku ya tsaya a tsakani. Shi da Killingsworth suka amince da Barbara Mellers, farfesa a Jami'ar Pennsylvania, a matsayin mai raba gardama. Suka baje takardunsu a faifai.

Zargin farko da zai zo wa mutum shi ne lokaci. Gallup na tambaya a kan jiya, manhajar kuma a kan yanzu, kuma kowa ya san abin da mutum ya tuna ba lalle ya zo daidai da abin da ya ji ba. Sai dai wannan bai isa hujja ba. Idan mantuwa ce matsalar, me zai sa ta bar talaka da matsakaici, ta kama mai kuɗi kaɗai? Ƙasa da dala 75,000 binciken biyu tafiyarsu ɗaya. A sama ne suka raba hanya, don haka a can ya kamata a nemi ɓarawon.

Alamar farko tana cikin siffar tambayoyin Gallup. Ana tambayar mutum: jiya ka ji farin ciki sosai? Ka ji daɗi? Ka yi murmushi ko dariya da yawa? Amsar kuwa biyu ce tak, e ko a'a. Kuma kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka tambaya e suke cewa. Wanda wuninsa ya wuce lami lafiya ya ce e. Wanda aka yi wa haihuwa jiya, ko ya samu ƙarin girma, shi ma e ɗin dai zai ce. A takarda ba su da bambanci.

Ka ɗauki sikelin kasuwa da allurarsa ke ƙarewa a kilo 50. Ka ɗora buhun kilo 50, allura ta kai ƙarshe. Ka ɗora na kilo 100, nan dai za ta tsaya. Wanda ya dogara da wannan sikelin zai rantse cewa babu buhun da ya wuce kilo 50 a kasuwar, alhali ma'auninsa ne ya gaza. Abin da sikelin ke iya nunawa da kyau shi ne buhunan da ba su cika ba. Haka tambayoyin Gallup suke: ba sa iya bambance mai farin ciki da wanda ya fi shi, amma suna kama wanda ke cikin ƙunci, mai cewa a'a. Ashe abin da Kahneman da Deaton suka auna shi ne raguwar baƙin ciki, suka yi masa laƙabi da ƙaruwar farin ciki.

Wannan dai har yanzu hasashe ne, kuma hasashe yana bukatar gwaji. Idan haka ne, to tsayawar da aka gani a 2010 ba ƙarya ba ce, tana nan, amma a cikin mutanen da suka fi kowa ƙunci. Ke nan dole a same ta a ɓoye a cikin amsoshin Killingsworth kansa, tunda layinsa na iya auna ƙasa da sama. Sai suka koma kan amsoshin mutum 33,391 ɗin. Maimakon su haɗa kowa su fitar da matsakaici, sai a kowane rukunin albashi suka ware waɗanda suka fi ƙunci, da na tsakiya, da waɗanda suka fi walwala, suka bi kowane kashi daban.

Nan asiri ya tonu. Ga kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 da suka fi ƙunci, ƙarin kuɗi na rage musu damuwa da sauri har zuwa wajen dala 100,000, daga nan layin ya kwanta. Idan aka lissafa hauhawar farashi a tsakanin shekarun, wannan iyakar da ta 2010 kusan wuri ɗaya suke. Ga mafi yawan mutane kuwa, jin daɗi na ci gaba da hawa ba tsayawa. Kashi 30 da suka fi walwala ma, nasu hawan ƙara sauri yake bayan dala 100,000. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa Killingsworth bai ga rufin ba: tsayawar na ƙasa da saurin na sama sun cike wa juna gurbi, matsakaicin ya fito miƙe sambal. Kowannensu ya ga gaskiya, amma kowannensu ya ɗauka abin da ya gani ya shafi kowa. A watan Maris na 2023 su ukun suka buga sakamakon tare, shekara guda kafin rasuwar Kahneman.

Me ya sa masu ƙunci ke tsayawa a nan? Masu binciken sun ce akwai damuwar da rashin kuɗi ke kawowa, akwai kuma wadda babu ruwanta da aljihu. Kuɗin haya, bashi, asibiti, makarantar yara, duk kuɗi na iya kashe wutarsu. Idan an kashe su, abin da ya rage shi ne irin mutuwar makusanci, mutuwar aure ko soyayya, da ciwon damuwa mai bukatar likita. Waɗannan ko an ƙara wa mutum dala miliyan suna nan daram.

Kafin mai neman abin duniya ya ce ai ga shi an wanke shi, akwai sauran rina a kaba. Na farko, hawan da ake magana ba da ƙarin dala ɗaya ɗaya yake zuwa ba, da ninki yake zuwa. Daɗin da mutum ke samu idan ya tashi daga dala 25,000 zuwa 50,000, mai 100,000 sai ya kai 200,000 zai samu kwatankwacinsa. Kowane mataki farashinsa ninkin na baya ne. Na biyu, matakan ƙanana ne. A ma'auni mai maki 100, tazarar da ke tsakanin gida mai dala 15,000 da gida mai 250,000 wajen maki biyar ce kawai. A alƙaluman Gallup, ninka kuɗin shiga sau huɗu bai kai kashi ɗaya cikin uku na tasirin da ciwon kai ke yi wa wunin mutum ba.

Na uku, samun kuɗi daban, sa su a gaba daban. Killingsworth ya tambayi mutanensa ko suna ɗaukar kuɗi a matsayin ma'aunin cin nasara a rayuwa. Waɗanda suka ce haka ne sun fi sauran ƙarancin jin daɗi. Ya kuma gano cewa babban abin da ke haɗa kuɗi da walwala shi ne mutum ya ji ragamar rayuwarsa na hannunsa, ya iya barin aikin da ake wulaƙanta shi, ya iya cewa a'a. Wani tsohon bincike da Kahneman ke cikin marubutansa ya bi sawun mutum kusan 12,000 da suka shiga jami'a a 1976. Tun suna sabbin ɗalibai aka tambaye su muhimmancin yin arziki a wurinsu, aka sake neman su bayan kusan shekara ashirin. Waɗanda suka ƙwallafa rai suka kuma samu, sun gamsu. Waɗanda suka ƙwallafa rai ba su samu ba, sun fi kowa ɗacin rai, har fiye da takwarorinsu masu albashi iri ɗaya da ba su ɗauki abin da zafi ba.

Saboda haka masu cewa talauci masifa ne suna da hujja mai ƙarfi: a ƙasan tsani ne kuɗi ke aikinsu mafi girma, kuma duk wanda ya ce wa mai bashin haya kuɗi ba komai ba ne, bai yi masa adalci ba. Masu cewa arziki ba ya kawo kwanciyar hankali su ma suna da tasu, amma a kan mutum ɗaya cikin biyar ko shida da ciwonsa ba na aljihu ba ne. Wanda kuma ya ɗora darajar kansa kacokan a kan dukiya caca ya shiga: in ya ci, ribar 'yan maki ce, in ya faɗi, asarar ta fi ta wanda bai sa komai ba. Kafin mutum ya sayar da barcinsa da lokacin iyalinsa don ninki na gaba, ya kamata ya fara tantance wace irin damuwa ce ke hana shi sakat, wadda kuɗi ke biya ko wadda ba sa biya.