Ƙananan madubai na hangen nesa da batun shaidar ganin wata

A yammacin kowace ranar 29 ga watan Musulunci, tun daga tsibiran Indonesiya har zuwa ƙasashen Larabawa, akan ga wasu mutane sun hau tudu ko sun tsaya a bakin teku suna sauke kaya daga bayan mota: ƙafa uku ta ƙarfe, bututu mai gilashi, batir da wayar hannu. Da yawansu ba ma'aikatan wata hukuma ba ne. Akwai malaman makaranta, akwai injiniyoyi da ɗalibai, waɗanda sha'awar kallon sama ta sa suka tara kuɗi suka sayi madubin hangen nesa. A sauran darare taurari suke bi suna ɗaukar hotunansu, amma a wannan yammaci jinjirin wata suke nema. A nan ne sha'awarsu ta haɗu da ibadarmu, domin abin da suka gani ko suka kasa gani yana shafar ranar da za mu ɗauki azumi da ranar da za mu ajiye shi.

Yadda madubi ya sauko hannun kowa

Malaman falaki na Musulunci sun yi aikinsu ba tare da madubin hangen nesa ba. Cibiyar Maraga da aka kafa a 1259 ƙarƙashin Nasiruddin Aɗ-Ɗusi, da ta Ulug Beg a Samarƙand, manyan gine-gine ne da sai sarki ke iya ɗaukar nauyinsu. Madubi mai gilashi bai bayyana ba sai a 1608 a ƙasar Holan, Galileo ya ɗaga shi sama a 1609, sannan Isaac Newton ya ƙera mai tara haske da madubin da aka fafe a 1668. Bayan haka ma an daɗe babban madubi yana hannun masu hali.

Wani Ba'amurke mai suna John Dobson yana cikin waɗanda suka sauya wannan. A shekarun 1960 ya riƙa haɗa madubai da katakon filawud, bututun kwali da tsofaffin gilasan tagogin jiragen ruwa, yana kafa su a bakin titin San Faransisko domin masu wucewa su leƙa. Har yau irin ƙirarsa ce mafi araha ga mai son madubi mai faɗin baki. A 2023 kuma kamfanin ZWO na ƙasar Sin ya fito da Seestar S50, mai faɗin baki milimita 50 da nauyin kimanin kilo 2.5. Ba a sa ido a jikinsa. Shi yake neman abin da aka umarce shi, ya ɗauki hotuna na daƙiƙa goma-goma, ya tara su wuri ɗaya, ya aika wa wayar mai shi.

Sirrin yana ga mazauni

Sabon shiga yakan tambayi sau nawa madubi ke ƙara girman abu. Wanda ya daɗe a harkar kuwa mazaunin da madubin ke kai yake fara dubawa. Dalili shi ne duniya tana juyawa, sama tana tafiya digiri 15 a kowace sa'a. Faɗin wata kimanin rabin digiri ne, saboda haka cikin minti biyu ya matsa da tsawon jikinsa. Madubi kuma ɗan yanki kaɗan yake nunawa, sau da yawa bai wuce digiri ɗaya ba. Idan mazauni yana rawa, ko ba ya bin tafiyar sama, tsadar gilashi ba ta da amfani.

Mazauni iri biyu ne. Na farko yana juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, kamar yadda mutum ke juya kansa. Na biyu ana karkata sandarsa ta fuskanci tauraron arewa, sai injin guda ya riƙa juya shi a hankali daidai da juyawar duniya. Masu ɗaukar hoton taurari sun fi son na biyun, domin yana ba kyamara damar buɗe ido na mintuna ba tare da taurari sun zama zare ba. Sai dai a wajenmu yana da wahala: daga Kano tauraron arewa kimanin digiri 12 kawai yake sama da bakin ƙasa, inda ƙura da gine-gine suka fi tare gani.

Ga mai neman jinjirin wata, na'urar kwamfuta da aka sa wa mazauni ita ce babbar nasara. Ana ba ta wuri da lokaci, ta lissafa inda wata yake, ta kai madubi can ta riƙe shi. Wasu masu duba kan kafa mazauni tun daren da ya gabata, su daidaita shi da taurari masu haske, su bar shi har magaribar gobe. Tunanin ba baƙo ba ne a gare mu. Al-Biruni ya siffanta wani bututu marar gilashi da ake ɗorawa a kan ginshiƙi, a juya shi gefe a kuma ɗaga shi sama gwargwadon lissafi, domin ido ya faɗa kan gurbin jinjirin wata. Abin da zamani ya ƙara shi ne gilashi da injin.

Iyakar ido da iyakar gilashi

Daga haihuwar wata zuwa wata haihuwar, matsakaicin lokaci kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44. Bayan haihuwa, wata yana nisantar rana da kimanin digiri 12 a kowace rana. A daren farko siriri ne ƙwarai, yana cikin jan hasken magariba, kuma wani lokaci bai fi rabin sa'a ba ya bi rana ya faɗi. Masanin falaki ɗan Faransa, André Danjon, ya lura a shekarun 1930 cewa idan tazarar wata da rana ta gaza kimanin digiri 7, jinjirin ba ya ganuwa.

Masu sha'awa su ne suka fi matsa wa wannan iyaka. A watan Mayun 1990 Stephen James O'Meara ya ga wata da ido zalla yana da sa'a 15 da minti 32 da haihuwa. Ranar 7 ga Satumban 2002 Mohsen Mirsaeed a Iran ya gan shi da babban madubi mai ido biyu yana da sa'a 11 da minti 40. A 1998 Muhammad Audah na ƙungiyar falaki ta Jodan ya kafa shirin ICOP, wanda ke tattara rahoton masu duban wata daga ƙasashe daban-daban kowane wata. A 2004 ya fitar da ma'auni da ya gina a kan rahotanni 737, inda mafi ƙarancin tazarar da aka ga wata da madubi ta kasance digiri 6.4. Wannan adadi ne Indonesiya, Malesiya, Burunai da Singafo suka sa cikin sabon sharaɗinsu, tare da tsayin digiri 3 daga bakin ƙasa. Haƙurin mutanen da ba a biyan su albashi ya shiga kalandar miliyoyin Musulmi.

Gani da ido, gani da kyamara

Shari'a ta rataya azumi da shan ruwa a kan ganin wata, ko cika kwana talatin idan an yi gajimare. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wata yana tabbata da shaidar adalai biyu, ko jama'a mai yawa da ba zai yiwu su haɗu a kan ƙarya ba. Game da leƙawa ta cikin madubi, an samu sauƙi. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta amince a 1403 bayan Hijira cewa ganin da aka yi ta madubin hangen nesa gani ne, kuma Shaihu Ibnu Usaimin ya bayyana cewa amfani da shi halal ne amma ba wajibi ba. Shi ya sa kotun ƙolin ƙasar take kiran duk wanda ya ga wata, da ido ko da madubi, ya je ya ba da shaida.

Kyamara ce ta zo da sabuwar tambaya. A safiyar 8 ga Yulin 2013 Thierry Legault, injiniya ɗan Faransa mai sha'awar hoton sama, ya ɗauki hoton wata a daidai lokacin haihuwarsa, rana tana sama, tazararsu digiri 4.4 kacal. Ya yi amfani da matatar da ke barin hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, ya kuma sarrafa hotunan a kwamfuta. Babu idon da zai ga wannan wata, ko da ta cikin madubi. Hoton gaskiya ne, amma shin ya zama ru'uya? Ganin da jumhurin malamai ke gina hukunci a kansa shi ne na bayan faɗuwar rana, don haka hoton da aka ɗauka da rana ba ya shigar da wata. Game da hoton bayan magariba kuwa, malaman zamani sun saɓa: wasu suna kallon kyamara a matsayin mataimakiyar ido, wasu suna ganin shaida ba ta tsayawa sai mutum ya gani da kansa. Ya kamata mu tuna da wannan idan hoton jinjirin wata ya fara yawo a WhatsApp da Facebook. Kafin a tura shi gaba, a tambaya: a ina aka ɗauka, da ƙarfe nawa, kuma da wace na'ura?

Abin da ya rage gare mu

A Najeriya, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanar da tsayuwar wata bayan an tantance rahotannin da suka zo daga sassan ƙasa. Madubi ba zai karɓi wannan matsayi ba, amma zai iya ƙarfafa shaidar da ake kai wa shugabanni. Kuskuren gani abu ne sananne ko a wurin mai gaskiya: tsinken gajimare, hayaƙin jirgin sama da rana ta haska, ko Zara matar wata cikin hazo, duk sukan ruɗi idon da ke ɗokin gani. Madubin da aka saita a gurbin wata yana iya tabbatar da mai gani, yana kuma iya nuna masa cewa inda ya nuna ba nan wata yake ba.

Ƙwarewa ba ta samuwa da fita sau biyu a shekara. Waɗanda suka yi suna a wannan fage sun fita ne wata bayan wata, suna rubuta abin da suka gani da abin da ba su gani ba, domin rahoton rashin gani ma ilimi ne. Masallacin Juma'a, makarantar Islamiyya ko sashen kimiyya na jami'a zai iya mallakar ƙaramin madubi da mazauni mai kyau, ya ɗora matasa kaɗan a kansa ƙarƙashin kulawar malami. Sharaɗi ɗaya ba a wasa da shi: ba a sa ido a madubi yana kusa da rana sai ta faɗi gaba ɗaya, domin daƙiƙa guda ta isa ta makantar da mutum.

Aya ta 189 a Suratul Baƙara ta sanar da mu cewa jinjirin wata ma'aunin lokaci ne ga mutane da aikin Hajji. Kula da wannan ma'auni amana ce, kuma kayan aikinta yanzu sun yi sauƙin da za a saɓa su a kafaɗa a hau tudu. Allah Ya haɗa kanmu a kan daidai, Shi ne Mafi sani.