Gangar noma da ƙwaryar fura: Abin sha da ke tafiya da kiɗa a Gwarzo da Kabo

A Ingila akwai wani nau'in kiɗa mai ƙarar gaske da ake kira heavy metal, wato kiɗan ƙarfe mai nauyi. A birnin Birmingham mai masana'antu ya kafu, kuma faifan farko na ƙungiyar Black Sabbath da ya fito a 1970 na cikin tubalansa. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'antar ƙarfe tun yana saurayi.

Masoya wannan kiɗa sun daɗe suna haɗa shi da giya, har ta kai ƙungiyar Iron Maiden ta haɗa kai da kamfanin Robinsons a 2013 suka fitar da tasu mai suna Trooper.

A Jihar Kano wannan ba zai yiwu ba. Bayan dawo da shari'ar Musulunci a 2000 an hana sayar da barasa, kuma Hukumar Hisba kan fasa kwalaben da ta kama. Sai dai haɗa kiɗa da abin sha ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwarzo da Kabo. Bambancin shi ne, a nan aiki ne ya haɗa su.

A al'adar Bahaushe kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera (ashe mu ma muna da namu kiɗan ƙarfen), manoma kuma gangar noma. A yankin da gero da dawa da gyaɗa suka zama abin dogaro, daga Getso da Kutama zuwa Garo da Gude, gangar noma ce ta fi amo.

Wurinta shi ne gayya. Mai gona zai gayyaci samarin gari, su jeru kowa da kuyyarsa, makaɗi na biye da su yana kiɗa yana zuga kowa da kirarinsa. Wanda ya riga kai ƙarshen kuyya shi ne gwani, wanda aka bari a baya kuwa ya shiga bakin 'yan mata. Ba a biyan kowa lada, sai dai mai gona ya ciyar.

A nan fura take shigowa. Da hantsi ya yi sai mata su iso da ƙore a ka, an dama ta da nono, da kaurinta. Ba don marmari ake shan ta ba. Ganga takan sa saurayi ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa, in babu abin da zai riƙe masa ciki kafin azahar ya faɗi. Tsakanin hutu da hutu kuma akwai farau-farau, ruwan da aka zuba wa ɗan garin gero, mai kashe ƙishi ba tare da ya nauyaya mutum ba. Gidan da furarsa ta yi tsararo, baɗi ba lallai a amsa gayyarsa da sauri ba.

Su ma Maguzawan yammacin Kano suna da tasu gayyar, amma da giyar dawa da matansu ke dafawa a gida. Idan ana neman abin da ya fi kusa da giyar ƙananan madafa da Turawa ke yayi, ita ce. Musulunta da shiga Kiristanci sun rage ta ƙwarai.

Yau gayya ta ja baya. Maganin kashe ciyawa ya rage noman hannu, garmar shanu ta karɓi huɗa, abin da ya saura kuma ƙwadago ne na kuɗi. Samari da dama ma sun tafi Kano ko Abuja neman na kansu. Makaɗin noma da ba a kira shi gona ba, ɗansa ba shi da dalilin koyon gangar.

Kiɗa mai ƙara dai bai tafi ba, ya koma wurin biki ne, inda DJ ke jera lasifika ana raba lemon kwalba da zoɓo da kunun aya. Abin da ke tayar wa iyaye hankali shi ne wanda ba a raba shi a fili, na bayan rumfa: ƙwayoyi da maganin tari mai sa maye. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC da aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano.

Fura ita ta fi ganga sa'a. Har yanzu matan Fulani na kawo nono kasuwannin yankin, a birane kuma ana dama ta da na'ura a sa a firji. Gangar noma kuwa yanzu an fi jin ta a rediyo da wuraren bukukuwan al'adu.